Shekarar da Kwalejin Maryville ta rufe wa baƙar fata ƙofa

Duk ƙaramar kwalejin da ta haura shekara 200 tana da labarin da take son a ji. Kwalejin Maryville, ta cocin Presbyterian da ke gabashin jihar Tennessee a Amurka, nata labarin ya fi na yawancinsu daɗin faɗa. Wani limamin coci, Isaac Anderson, ya kafa ta a 1819 don horar da masu wa'azi, da ɗalibai biyar kacal. Tun lokacin da ake sayar da bayi a kudancin ƙasar take karɓar baƙar fata. Yaƙin basasa ya rufe ta a 1861, aka sake buɗewa a 1866, sannan a 1875 ta bai wa mace digiri a karon farko a tarihinta.

Amma ni abin da ya faru a 1901 ne yake tsaya mini a rai. A shekarar majalisar Tennessee ta haramta koyar da farar fata da baƙar fata a makaranta ɗaya, ko da makarantar ba ta gwamnati ba ce. Maryville ta bi doka, ta daina ɗaukar baƙaƙe. Sai dai ta ciro dala 25,000 daga asusun ajiyarta, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan, ta miƙa wa makarantar baƙar fata ta Swift Memorial da ke Rogersville. Wanda ya kafa Swift kuwa ɗanta ne, William Franklin, baƙar fata na farko da ya kammala Maryville a 1880.

Masu yabon kwalejin suna ganin wannan dattako ne. Ban musa ba. Makarantar da ke lallaɓa kuɗin albashin malamai ba ta rabuwa da irin wannan kuɗi don neman suna. Kuma wanda ya ce da ta tsaya ta yi shari'a, ya duba abin da ya sami Kwalejin Berea a Kentucky: ta ƙalubalanci irin wannan doka ta 1904 har kotun ƙoli, aka kayar da ita a 1908. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a lokacin yawan da ƙarfin duk suna ɓangare ɗaya.

Duk da haka, kuɗin bai biya abin da aka rasa ba. Ai ba gini ko littattafai ne suka bambanta Maryville da sauran makarantu ba, zaman aji ɗaya ne, inda ɗan tsohon bawa da ɗan mai gona ke amsa tambayar malami ɗaya. Wannan ba ya tafiya Rogersville a cikin takardar banki. Swift ta yi aikinta da kyau, amma aiki ne a cikin tsarin wariyar da dokar ta so a kafa.

Shi ya sa nake ganin kada a karanta tarihin kamar ba a taɓa yankewa ba. An yanke, har na shekara 53. Abin da za a yaba wa Maryville da gaske shi ne ba ta manta alƙiblarta ba: da kotun ƙoli ta rushe wariya a makarantun gwamnati a shari'ar Brown ta 1954, a shekarar nan ta sake buɗe ƙofa, yayin da manyan jami'o'in kudu, irin su Mississippi da Alabama, sai da aka kai 1962 da 1963, da rakiyar jami'an tsaro.