Asusun kare halittu: rahoto na tafiya Washington, masuncin Nguru bai ji labari ba

A watan Disamban 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya suka amince cewa nan da shekarar 2030 za a killace kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa da teku domin tsirrai da dabbobi su samu su rayu. Suka kuma yanke cewa a riƙa samo dala biliyan 200 duk shekara don wannan aiki, ƙasashe masu arziki su riƙa tura wa masu tasowa biliyan 20 a shekara kafin 2025, ya kai biliyan 30 kafin 2030. A zaman ƙarshe na taron, wakilin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ya nuna bai yarda ba, amma aka buga guduma aka wuce. Kukansa a kan wanda zai riƙe kuɗin ne.

Kongo da ƙasashen Afirka da dama sabon asusu suke so, mai zaman kansa. Abin da aka ba su shi ne wani reshe a ƙarƙashin GEF, wato Asusun Muhalli na Duniya, wanda ofishinsa ke Washington, Bankin Duniya kuma ke ajiye masa kuɗi. An ƙaddamar da reshen a Vancouver cikin watan Agustan 2023. Zuwa taron Cali na Kolombiya a ƙarshen 2024, alkawuran da aka yi masa ba su wuce kusan dala miliyan 400 ba. Miliyan, a inda ake maganar biliyoyi.

Ina ganin Afirka na da gaskiya a kukanta. Majalisar GEF kujeru 32 ne: 16 na ƙasashe masu tasowa, 14 na masu arziki, 2 na ƙasashen gabashin Turai da tsohuwar Tarayyar Sobiyet. A ido kamar an yi adalci. Amma in har aka kai ga ƙuri'a, dole a samu kashi 60 na ƙasashe, a kuma samu kashi 60 na kuɗin da aka zuba, wato mai kuɗi na iya taka wa kowace shawara birki. Amurka, wadda har yau ba ta shiga yarjejeniyar kare nau'o'in halittu da aka yi taron Montreal a ƙarƙashinta ba, tana da kujera a wannan majalisa. Sannan kuɗin ba ya zuwa hannun ƙasa kai tsaye, sai ya bi ta ɗaya daga cikin hukumomi 18 da aka amince da su, irin su UNDP, wato hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Bankin Duniya, su kuma su ɗauki ladansu na kusan kashi 9 cikin 100.

To amma akwai abin da ya fi wannan damuna, kuma ba na jin wakilanmu suna ɗaga murya a kansa. Ba rahoto ne babu ba. GEF na da ofishin bin diddigi mai zaman kansa, yana da dokar bayyana takardu, yana da jami'in karɓar ƙorafi. Kowane aiki ana rubuta masa rahoton shekara, da na tsakiyar zango, da na kammalawa. Sai dai duk wannan tulin takarda sama yake hawa, daga ma'aikata zuwa hukuma, daga hukuma zuwa majalisa, daga majalisa zuwa ga masu bayarwa, cikin Turanci ko Faransanci, ana lissafin hekta da dala. Wanda aka karɓo kuɗin da sunansa shi ne na ƙarshe da zai ji, in ma ya ji.

A dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayi masu daraja na yarjejeniyar Ramsar, kuma tsuntsaye daga Turai suna ƙetare Sahara su yi hunturu a yankin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar ya sauya, kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, jan baki ya mayar da ita gida yana fita ya afka wa gero da dawa. Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji, da adda da lauje, suna sara don kwalekwale ya samu hanya. Mutumin da ke cikin wannan ruwa ya san ko an buɗe mashigi ko ba a buɗe ba, ya san ko kifi ya dawo. Babu mai bincike daga waje da zai fi shi sani. Abin da ya rage masa shi ne a faɗa masa nawa aka ware, a hannun wa, don wane aiki, ya gwada da abin da idonsa ke gani.

Kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Najeriya na da asusun muhalli nata tun 1981, ana cire masa kaso daga asusun tarayya. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da naira biliyan 1.162 na wannan asusu, sai ga shi an yi masa afuwa a 2022. Mai bayarwa da ya karanta wannan labari, da wane baki za mu ce masa ya daina sa ido ya miƙo mana kuɗi hannu da hannu? Sauya wa asusu mazauni daga Washington zuwa Abuja ko Yamai ba zai kai labari Nguru ba muddin ɗabi'ar rufa-rufa na nan.

Batun ya ƙara zama na gaggawa saboda Asusun Cali, wanda aka buɗe a Roma cikin Fabrairun 2025. Ana son manyan kamfanonin magunguna da na kayan kwalliya da na iri, masu cin gajiyar bayanan ƙwayoyin halitta, su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 na cinikinsu, kuma aƙalla rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin asali da mutanen karkara. Biyan na ganin dama ne, wannan rauni ne babba. Amma ko an biya, rabin nan zai iya maƙalewa a babban birni in babu wanda ya san ya zo.

An ɗage yanke hukunci kan tsarin kuɗi na dindindin zuwa 2028. Kafin nan, ina son wakilan Najeriya da Nijar su je da buƙata biyu a hannu ɗaya. Su ci gaba da neman ƙuri'a mai nauyi a teburin, su kuma nemi a rubuta sharaɗi cewa ba za a saki kaso na biyu na kowane aiki ba sai an bayyana na farko ga mutanen wurin: adadin kuɗi, sunan ɗan kwangila, da ranar gamawa, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi, a karanta a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci. Rahoton kammalawa kuma kada a rufe shi sai an zauna da sarkin ruwa, da ƙungiyar manoma, da makiyaya, da matan da ke ƙyafe kifi, an rubuta abin da suka ce ko da ya saɓa wa na ma'aikata.