Baliz ɗinku ba boka ba ne, ku daina cin kuɗinmu a banza

Wallahi na gaji da masu garajin garin nan. Sati uku da suka wuce fitilar injin nan mai ruwan ɗorawa ta kunnu a tabulon motata, tsohuwar Corolla ce, da safe in na tada ta sai ta riƙa karkarwa a ralanti kamar mai zazzaɓi, esans kuma tana sha ba ƙaƙƙautawa.

Na kai ta wani garaji a Sabon Gari. Yaron ya ɗauko baliz, wato na'urar nan da ke karanto lambar matsalar mota, ya soka a ramin nan mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya danna ya danna, ya ce Alhaji an gama, jika 5. Fitila ta mutu kam. Ban kai Mirya na dawo ba ta sake kunnuwa. Ashe goge lambar kawai ya yi, bai taɓa ko da ƙusa ɗaya ba, abin da ni ma in na cire kan batir na ɗan jima zan iya yi a ƙofar gidana kyauta!

Na koma, wannan karon patron ɗin da kansa ya fito yana saɓa babbar riga. Na ce ranka ya daɗe mi na'urar ta ce? Ya ce P0171. To mi ke nan? Sai ya ce sondi ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke auna iskar cikin hayaƙi, a sayo sabuwa. Jika 25 na zuba. Kwana biyu fitila ta dawo. Sai ya ce ai buji ne, aka canza huɗun duka. Ta dawo. Yanzu kuma wai pampon esans, in ba a samu a nan ba sai an aika Kano ta hanyar Matamaye. Haba jama'a, motar za ku sake mani guntu-guntu da kuɗina?

Ɗan ƙanena da ke karatun kanikanci shi ya zaunar da ni ya yi mani bayani. Lambar nan ba ta ce wani ƙarfe ya mutu ba, abin da ta ce kawai iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Sondin nan da ke jikin bututun hayaƙi ita ce ta kawo labarin, wato ɗan aike aka kama aka yanka. Iska na iya shigowa ta tiyon da ya tsage, ko na'urar auna iska ta bayan filtir ta yi datti, kuma mu da muke cikin ƙurar hunturu ai wannan ya kamata a fara dubawa, ko kuma mai ba ya isowa da ƙarfi, balle mu masu zuba ruwa-ruwa na kwalba a bakin hanya in aljihu ya yi sanyi (ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba).

Wani tsoho a wajen Garin Malam, ba shi da baliz ba shi da allon suna, inuwar dogon yaro ce garajinsa. Ya ce ɗana tada ta. Ya kasa kunne, ya bi babban tiyon iska da hannu yana matsawa, sai ga tsaga ta ƙasa inda ido ba ya gani, zafin Damagaram ya busar da robar ta dare. Ya canza tiyo, ya fesa wa na'urar auna iska maganin wanki, ya kakkaɓe filtir ƙasa ta zubo kamar an tona rami. Na ce Baba nawa? Ya ce kawo jika 3 har da tiyon.

Yau kwana 9 fitila ba ta kunnu ba. Na koma wajen patron ɗin nan in karɓi tsohuwar sondina tunda lafiyarta lau, sai ya ce wai aparanti ya zubar. Ya zubar ina? Ni dai gobe da safe ina nan tafe, kuma ba ni kaɗai zan zo ba.