Layar da ɗan yayata ya ɗaura wa Makefile

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a nan Kumasi ya turo mini wata 'yar manhajar lissafin kaya da muke haɗa wa wani mai shago a Aboabo. Aikina kaɗan ne: in ƙara layi ɗaya a Makefile, fayil ɗin da ke gaya wa manhajar make yadda za ta haɗa aikin. Na buɗe da Vim, manhajar da nake rubutu da ita, na danna Tab, na rubuta umarnin, na buga make. Sai ga amsa: Makefile:12: *** missing separator. Stop.

Duk wanda ya san make ya san ba ya wasa da wannan. Dole layin umarni ya fara da tab na gaske, ba sarari ba. To ai Tab ɗin na danna! Na goge, na sake dannawa da ƙarfi har yatsa ya yi zafi. Na ɗora wa kibod laifi, na hau trotro zuwa Adum na sayo sabo, na dawo da gumi, make ya maimaita mini maganarsa ba ragi ba ƙari.

Da na buga :set list, umarnin Vim mai nuna ɓoyayyun alamomi, sai asiri ya fara tonuwa. Tsofaffin layukan suna nuna ^I, alamar tab, nawa kuwa sarari biyu ne tsirara. Da takwas ne ma da make ya tausaya ya tambaye ni ko tab nake nufi, amma a kan biyu ba ya cewa uffan. Sai na tambayi Vim kai tsaye da :verbose set expandtab? Wato wa ya kunna expandtab, saitin da ke mayar da Tab sarari? Ya ce daga modeline aka saita shi, layin saiti da ake rubutawa a cikin fayil ɗin kansa. Na gangara ƙarshen fayil, ga shi a kwance:

# vim: set et ts=2 :

Ga yadda abin yake. Idan Vim zai buɗe fayil, saitin da ka ajiye masa a fayil ɗin .vimrc yana nan tun farko. Sai ya duba sunan fayil ya gane irinsa, ya ɗora saitin wannan irin; na Makefile kuwa yana kashe expandtab da kansa, don ya san halin make. Bayan duk wannan ne yake leƙa layuka 5 na farko da 5 na ƙarshe, yana neman vi: ko vim: ko ex:. Abin da ya tarar a nan shi ke da maganar ƙarshe. Wato et, gajeren sunan expandtab, ta mayar da kowane Tab sarari, ts=2 ta ce biyu. Emacs, wata manhajar rubutu kamar Vim, ma yana da irin nasa, tsakanin alamun -*- a layin farko, ko jerin Local Variables cikin haruffa 3000 na ƙarshe, sai dai shi yakan tsaya ya nemi izini idan bai yarda da saitin ba.

Na kira yaron. Ya ce, "Kawu, wallahi a wajena lafiya lau yake aiki." Gaskiyarsa. Ubuntu, wani nau'in Linux, yake amfani da shi, kuma Vim na Debian da Ubuntu yana zuwa da modeline a kashe saboda tsaro. Ko a 2019 an gano wata ɓaraka da buɗe fayil kawai ya isa a gudanar da umarni a na'urarka, aka toshe ta a Vim 8.1.1365. Shi dai ya ga layin a wani wuri, ya burge shi, yake manna shi a gindin kowane fayil kamar laya. Mai ita ba ta taɓa yi masa aiki ba, sai baƙon da nasa ke kunne take kamawa.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba: na mayar da et zuwa noet mai kashe ta, na adana, na sake buɗewa da :e, na gyara layin. Wanda ke sauri ma Ctrl-V sannan Tab ya ishe shi. Don na baya su kiyaye, na rubuta a ƙasa:

# gargaɗi ga masu vim: kada ku taɓa tab

Ina sake buɗe fayil ɗin sai jan rubutu: E518: Unknown option: kada. Ashe sarari, da vim, da ɗigo biyu sun isa ya ɗauki nasihata a matsayin saiti, tunda tana cikin layuka biyar na ƙarshe. Na cire ɗigo biyun, aka zauna lafiya.

Daga nan na buga grep -rn "vim:" . don in nemo layin a duk fayiloli, in ga iyakar ɓarnar. Layar tana cikin fayilolin C, tana cikin README, har da takardar neman cikon kuɗi da zai tura wa mai shago. Na ce ya kwashe su duka mu koma fayil ɗaya na .editorconfig, inda ake tara irin wannan saiti wuri guda. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, tunda kibod ɗinka na da lafiyarsa ƙalau, sabon fa?"