Tofi ba ya karya azumi

Wai wasu in ciwo ya kama su da rana cikin azumi sai su ƙi yi wa kansu tofi, suna tsoron azumin zai karye. Haba jama'a, ba abin da ya wuce maƙogwaro fa. Ka ɗora hannu inda ke ciwo, bismillah sau 3, sannan a'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru sau 7, haka ya zo a Sahih Muslim, ko ka karanta falaƙi da nasi ka tofa a tafi ka shafa. Shan ruwan addu'a ko rubutu shi ne dai sai an sha ruwa. In kuma jikin ya matsa to ka sha magani ka rama daga baya, Baƙara aya 185 ta ba mara lafiya wannan sauƙin.