Gobarau da tambayar da ya kamata kwamitocin masallatanmu su yi wa kansu

Wanda ya je birnin Katsina ya nemi a kai shi Gobarau, abin da zai tarar shi ne hasumiyar ƙasa mai tsayin kimanin ƙafa 50, wadda ita ce ta rage daga masallacin da ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ginin kansa bai fi na wasu garuruwa ƙawa ba, amma sunansa ya daɗe a bakin mutane saboda karatun da aka yi a wurin. Daga wannan tushe ne Katsina ta zama garin da ɗalibai ke yi wa tattaki, har ta fitar da irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina a ƙarni na 17, da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin taurari wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741. Ra'ayina shi ne, mu a yau mun gaji son gina masallaci daga magabata, amma mun yi sakaci da abin da ya sa masallatansu suka yi albarka, wato karantarwa da kula da jama'ar da ke kewaye. Tambayar da ya kamata kwamitocin masallatanmu su yi wa kansu ita ce, shin masallacin da ke hannunsu yana yin waɗannan abubuwa biyu?

Wannan tsari ba Katsinawa suka ƙirƙiro shi ba. Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, wanda aka yi da tubalin ƙasa aka rufa da ganyen dabino, yana da Suffa, inda matalautan sahabbai irin su Abu Huraira suke kwana suna ɗaukar ilimi, jama'a kuma suna ciyar da su. A harabarsa aka kafa wa Rufaida tanti tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A cikinsa aka karɓi baƙin Najran, aka raba dukiyar da ta zo daga Bahrain, aka sasanta masu bashi da waɗanda suke binsu. Masallacin Ƙarawiyyin da Faɗimatu al-Fihriyya ta gina a birnin Fas na ƙasar Maroko a shekarar 859, da na Azhar da aka fara ginawa a Alƙahira a 970, duka a kan wannan turba suka tashi har suka zama jami'o'i.

Yanzu mu dubi unguwanninmu. Da wuya ka yi tafiyar minti biyar a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ka wuce masallaci ba, kuma wannan alheri ne da ya kamata a gode wa Allah a kansa. Sai dai da yawa daga cikinsu ana buɗe su ne a lokacin salla, da an sallame a kashe fanka a garƙame ƙofa. Idan aka yi gidauniya, kuɗin yakan tafi ne wajen sauya tayil da bai lalace ba, ko ƙara lasifika a kan waɗanda ake da su, ko ɗaga hasumiya don ta fi ta masallacin maƙwabta tsawo. A daidai wannan lokaci, malamin Islamiyyar da ke karantar da yara a baranda ko a wani kango da ke jikin masallacin yakan yi watanni bai karɓi ɗan abin da aka yanka masa ba, domin albashinsa ya rataya ne a kan kuɗin wata da iyaye ke biya, iyayen kuma da yawansu ba su da shi. Wannan malami yana da mata da 'ya'ya, yana biyan haya. Idan ya gaji ya bar karantarwa ya koma kasuwa, sai mu ce malaman yanzu ba su da ikhlasi, alhali mu ne muka kasa sauke haƙƙinsa.

Abin da ya riƙe manyan masallatan ilimi na tarihi shi ne wakafi, wato dukiyar da aka tsayar saboda Allah don a riƙa amfana da abin da take samarwa. Azhar da Ƙarawiyyin sun rayu ɗaruruwan shekaru da gidaje da shaguna da gonakin da aka tsayar dominsu, ana biyan malamai ana ciyar da ɗalibai daga abin da suke samarwa. Asalin abin kuwa sananne ne: Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Don haka ina roƙon alhazanmu masu hali, idan Allah ya hore wa mutum abin da zai gina masallaci, ya fara duba ko unguwar tana da buƙatar sabo. Idan akwai wanda ya wadaci mutane, ya gina masa shaguna huɗu ko biyar, a rubuta a gaban shaidu cewa kuɗin hayarsu na albashin malamai da liman da ladan ne. Jihohi irin su Sakkwato suna da hukumar zakka da wakafi, kuma ana iya yin rajista a irin waɗannan hukumomi domin kada magada su zo bayan rasuwar mai bayarwa su ce dukiyar gado ce.

Masu kulle masallaci suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Ana satar batura da na'urar ƙara sauti, wasu na mayar da wurin ɗakin barci, yara kuma suna ɓata darduma. Amma masallacin da ake karatu a cikinsa bayan asuba, da hantsi, da tsakanin magariba da isha'i, ba ya zama kufai balle ɓarawo ya samu sarari. Kuɗin da ake kashewa wajen maye gurbin abin da aka sace ya isa a ɗauki mutum ɗaya daga cikin unguwa ya riƙa kula da wurin.

Batun mata shi ne ya fi damuna. Matan sahabbai sun nemi Manzon Allah (SAW) ya ware musu rana ta karatu, kuma ya ware. A ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda shugabannin mata da ake kira jaji ke zuwa su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Duk da wannan gado, akwai masallatan Juma'a da aka kashe musu miliyoyi amma ba a tanadi ko ɗaki ɗaya mai banɗaki da matan aure za su zauna su koyi tsarki da salla da hukunce-hukuncen aure ba. Uwar da ba ta samu wannan ba, ita muke sa ran ta tarbiyyantar da yaran da muke kuka da halayensu.

Haka nan liman da 'yan kwamiti sun fi kowa sanin gidan da aka yi rasuwa aka bar marayu, da dattijon da ya daina fitowa jam'i saboda ciwo, da ma'auratan da rigimarsu ta kusa kai su kotu. Ya kamata a ce akwai littafi da ake rubuta irin waɗannan a asirce, da wani kaso na asusun Juma'a da aka ware musu tun kafin a yi maganar fenti. Kuma jama'a ba za su saki hannu ba sai sun ga gaskiya, shi ya sa nake ganin wajibi ne ma'aji ya tashi a gaban masallata, ko da sau ɗaya a wata uku, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, sannan a manna takardar a bango, a ga nawa aka kashe wa gini, nawa aka biya malamai, nawa kuma ya isa hannun marayu da marasa lafiyar unguwa.