Jirgin ƙasa ya zo wa kowa, ba Alhassan Ɗantata kaɗai ba

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma inda ka ce sa'ar zuwan jirgin ƙasa ce kawai ta ɗaga Alhassan Ɗantata, ban yarda ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma fatake nawa ne a Kurmi a lokacin? Duk sun ji kukan jirgin nan. Shi yaron Bebeji ne da ya tashi maraya, ya yi almajirci, ya sha tafiyar fataucin goro zuwa Gwanja tun kafin Turawa su nemi gyaɗa. Da ranar ta zo, ya riga ya san hanya, ya san mutane, an san shi da riƙon amana.

Arziki na Allah ne, wannan babu ja. Sai dai abin yana mini ciwo idan muka fake da ƙaddara. Kakana dako ya yi a dalar gyaɗa, har ya rasu akwai kanta a kafaɗarsa. Lissafin buhuna da ka yake yi, ba ya kuskure ko ɗaya, amma bai taɓa samun wanda zai ba shi jari ba. Allah ya jiƙansu duka.