Kafin mu zagi 'yan feminis, a fara ba Gwaggo gonarta

Duk ranar da aka ambaci haƙƙin mata a majalisar ƙofar gida ko a Facebook, nan da nan zaka ga maza sun miƙe, wai aƙidar Turawa ce, wai so ake a lalata mana tarbiyya, ai Musulunci ya gama ba mace komai tun shekara dubu da ɗari huɗu. Ni ma na yarda ya bata. Tambayata ɗaya ce, abin da ya batan yana hannun wa yanzu haka?

Gwaggona ƙanwar babanmu tana wani ƙauye a ƙasar Gumel. Kakanmu ya rasu tun ina firamare, ya bar gonaki uku da garken awaki, da 'ya'ya maza uku mata biyu. Har yau ba a raba ba. Ko in ce an raba a tsakanin maza, don kowa ya san iyakar inda yake shuka riɗinsa da geronsa, matan ne kawai aka ce musu ai gandu ne, na kowa da kowa ne. Da kaka in an ɗaure dammuna, babban wansu zai aika mata da kwano goma na gero a buhun taki, ita kuma ta ɗauko mayafi ta tako har gida ta durƙusa tace "Yaya na ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya bar zumunci." Wallahi da idona na gani ba sau ɗaya ba. Tana godiya akan abin da yake nata ne. Riɗin da aka noma a gonar an kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis an sayi babur, ita kuwa tana bakin murhu tun asuba tana suyar ƙosai, 'yarta mai shekara tara ce ke yawon talla dashi lokacin da sa'o'inta suke aji.

Toh wannan wane Bature ne ya koya mana?

Suratun Nisa'i aya ta 7 ta faɗa ƙarara, maza suna da rabo mata suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo ne yankakke. Aya ta 11 da ta 12 suka zo da lissafin, 'ya mace rabin na ɗa namiji, matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Ba inda aka ce banda gona, ba inda aka ce sai in yayanta ya ga dama. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin nan na Bukhari da Muslim, cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ƙassai bakwai a wuya ranar ƙiyama. Muna jinsa a tafsirin azumi muna girgiza kai, mu koma gida mu ci gaba da noma gonar ƙannenmu mata.

A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta kawo, kuma babbar hujjar da aka kafa daga Arewa ita ce ya ci karo da tsarin gado na shari'a. Na fahimci hujjar, Musulmi ba zai yarda a taɓa lissafin da Allah ya yi ba. Amma laifi tudu ne. Mun tashi tsaye don kar a mayar da rabin mace ya zama daidai da na namiji, alhali a ƙauyukanmu rabin ma ba ya isa hannunta. A Kudu sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2014, a shari'ar Ukeje, cewa al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Mu da ba mu buƙaci wata kotu ta faɗa mana ba, me muke jira?

Na san amsar da ake bayarwa, don an bani ita a gidanmu. Za a ce mace ba ta noma, in an bata mijinta ne zai cinye, gonar gado ta koma gidan bare. Za a ce in aurenta ya mutu ai gidan yayanta zata dawo ya ci da ita. Na biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, akwai mazan da suke riƙe zawarawa da marayu tsakani da Allah, ban raina musu ba. Sai dai riƙon ɗan'uwa alheri ne da zai iya yankewa ranar da matarsa ta ɓata rai, gona kuwa ba ta fushi. Batun ba ta noma kuma, alhazan birni nawa ne suke da gonakin shinkafa a fadamar Haɗejiya basu taɓa riƙe fartanya ba? 'Yan ƙwadago suke sawa. Ita ma zata iya, ko ta bada haya, ko ta sayar ta sayi injin markaɗe, ko ma ta bar wa yayan nata in ta so, amma da bakinta, bayan an nuna mata iyakar kayanta.

Abin da yafi ci min rai shine yadda aka mayar da neman haƙƙi abin kunya. Kotun shari'a tana nan a hedikwatar ƙaramar hukuma, alƙali zai raba, amma macen da ta kai 'yan'uwanta ƙara ta shiga uku, har a gidan biki nuna ta za a dinga yi, ga wadda ta tozarta gidansu saboda abin duniya. Wanda ya danne shekara ashirin shi ba a nuna shi, sahun gaba ma yake sallah. Shi yasa nake ganin aikin na limamai da masu unguwanni da dagatai ne, su da ake kira zaman makoki. Ranar addu'ar bakwai, kafin kowa ya watse, a tambaya a bainar jama'a yaushe za a raba, a rubuta sunan kowace mace a takarda, a je gona da igiya a auna a kafa mata alama.

Na yi wa babanmu maganar Gwaggo da ƙaramar sallah, ya yi shiru ya daɗe, sannan yace zai samu yayan nasu bayan an cire amfanin gona. An cire, har an fara kai riɗi kasuwa, ranar Juma'a zan koma in sake tuna masa.